Ayabar da Ake Lulluɓawa

Ayabar na fara gani kafin in ga mai ita. Kwanana biyu ke nan a Gilasgo, na fita ɗan filin da ke bayan ɗakin girki zan shanya kayan jariri da muka wanke, sai na hango wani faffaɗan ganye ya leƙo ta saman shingen katako, iska tana kaɗa shi, gefensa duk ya yayyage. Na tsaya da bokiti a hannu. Ganyen ayaba ne, ko cikin barci aka tashe ni ba zan ɓata shi ba. Ƙarshen watan Agusta ne, lokacin da mutanen garin ke cewa suna cikin zafi, ni kuwa rigar sanyi biyu ce a jikina da safa, kamar asubahin Janairu a Zariya.

Wankan jegon 'yata ya kai ni. 'Yar fari ce, don haka ba za ku ji sunanta a bakina ba. A lambu na tashi. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yana da fadama a bakin Galma, tumatir da tattasai da albasa da rake, can ƙarshen lambun kuma inda ruwa ke kwanciya akwai ayaba da gwaza waɗanda ban taɓa ganin an yi musu wata hidima ba. Ruwa da rana kawai, su yi ta 'ya'ya a gindi har sai an rage su. Bayan na bar koyarwa ni ma na cika tsakar gidana da gwanda da zogale da lalle. To mai irin wannan tashi ta ga ayaba a ƙasar da ruwa ke daskarewa a kwata, ai dole ta nemi ba'asi.

Mai ayabar wata dattijuwa ce Baturiya, ta haura saba'in, ita kaɗai a gidanta. Da ta ga na cika leƙe sai ta ce in zagayo. Filin nata bai fi faɗin ɗaki uku ba, amma sai da na sunkuya na bi ta ƙarƙashin ganye. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yawancin abin da take alfahari da su na san su tun ina yarinya. Ga gwaza a babbar tukunya, an ɗora ta a wuri mai daraja kusa da ƙofa. Ga zurma mai jan ganye, wadda a wajenmu a kan juji take fitowa babu mai kallonta. Ga wasu dangin citta masu dogon kara da fure ruwan ɗorawa. Na ce mata wannan gwazar mu dafa ta muke yi mu ci da ƙuli. Ta yi murna ƙwarai, ta ce ita ganyen take so, dubi yadda ruwan sama ke taruwa a kansa kamar ƙwayar azurfa ya gangare bai jiƙa shi ba.

Na tambaye ta ko ayabar tana haihuwa. Ta ce sau ɗaya ta taɓa fure cikin shekara goma sha wani abu, ta yi 'yan 'ya'ya kamar ɗan yatsa, ba sa ciwuwa. A raina na ce, to wahalar ta mece ce? Ban furta ba, amma ina jin ta gani a fuskata. Ta ce wannan ba irin ayabarmu ba ce, asalinta daga ƙasar Sin take, masana suna kiranta Musa basjoo. Na ce Musa? Ta ce yawancin dangin ayaba haka sunansu yake farawa a littafin masana tsirrai, kuma ana cewa daga kalmar Larabci ta mauz aka samo shi. Ita wannan, ko ƙanƙara ta cinye samanta, saiwar tana nan da rai a ƙasa, bazara na yi ta sake tohowa. Sannan ta ce in dai irin wannan abu yana burge ni, kada in bar Sikotland ban je lambun Inverewe ba. Ta rubuta mini sunan a bayan ambulan.

Aka haihu lafiya, namiji, na samu sabon maigida. Muka shiga hidimar jego, da busasshen ganyen darbejiyar da na ƙullo daga gida da kunun kanwa da komai, ambulan ɗin yana cikin jakata. Da aka yi arba'in, tsakiyar Oktoba, sai surukina ya ce, “Mama, kin sha ɗawainiya, ina kike so mu kai ki ki huta? Edinbara ko Landan?” Na miƙa masa ambulan. Ya duba a waya, ya daɗe yana kallo, ya ce, “Mama, nan fa ƙarshen duniya ne, kuma lambu ne kawai.” Matarsa ta ce, “Ai ba ka san Umma ba.” Yaron kirki ne, bai ƙara magana ba, ya nemi hutun kwana uku.

Da mota muka tafi, mu huɗu har da jinjiri. Muka bi babbar hanyar arewa ta Perth da Pitlochry, muka haye mashigin duwatsun Drumochter, inda babu gida babu itace sai tumaki da wata gajeruwar ciyawa ja-ja. Can ta hannun dama kawunan duwatsu sun riga sun yi fari. A Inverness muka kwana. Da asuba na fito na tarar gilashin mota ya yi fari fat, na sa yatsa na kankara, sai ga gari-gari kamar gishiri yana narkewa a farcena. Raɓa ce ta daskare. Ciyawar bakin hanya tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi. Surukina ya ce, “Mama, kin ga inda muke ma ke nan, ina ga inda za mu?” Ni ma abin da ke raina ke nan.

Daga Inverness muka yi yamma, tafiyar kamar awa biyu, ta Garve da Achnasheen, sannan hanya ta gangara ta bi gefen wani dogon tafki, Loch Maree, da ƙaton dutse a tsallakensa. Ƙasa ce kyakkyawa amma tsirara, mai sa mutum ya yi shiru. Abin da na lura da shi shi ne tun muna tunkarar teku farin nan na bakin hanya ya ɓace. Sama ta yi nauyi, aka fara yayyafi, da na sauke gilashi kuma iskar da ta shigo mai laima ce, ba ta cizo irin ta safiya. Mun ƙara yin arewa kaɗan, amma sanyi ya ragu. Muka wuce Gairloch, muka shiga wani ɗan ƙauye mai fararen gidaje, Poolewe, sai ga wani dunƙulen kurmi baƙi-ƙirin ya miƙe cikin ruwa, shi kaɗai a tsakiyar wannan tsiraicin, kamar an ɗauko shi daga wata ƙasa an ajiye.

A bakin ƙofa surukina ya nuna mini taswira a wayarsa. Kano tana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya. Inverewe tana dab da 58. Ta fi Mosko arewa. Idan ka ja layi daga nan ka yi yamma ka ƙetare teku, za ka faɗa Labrador ta Kanada, inda teku kanta ke daskarewa. Abin da ya raba su ruwa ne. Akwai wani kogi a cikin tekun Atilantika, ruwa mai ɗumi da ke tasowa daga wajen mashigin Meziko, ya bi gaɓar Amurka, ya ƙetaro ya zo ya shafi yammacin Birtaniya har Nowe. Ruwa kuwa ba ya saurin sakin zafinsa, duk wadda ta taɓa ajiye ruwan jego a babbar tukunya ta sani. Iskar yamma ta bi ta kan wannan ruwa ta kwaso ɗumi ta zuba wa gaɓar. Ba zafi ake yi ba, kada a fahimce ni a karkace, ban cire rigar sanyi ba ko sau ɗaya. Ƙanƙarar ce ba ta yin tsanani kuma ba ta daɗewa, wannan ɗan bambancin kuwa shi ne tsakanin rai da mutuwa ga shuka.

Da shigarmu muka sauka wani lambu mai katanga da ya lanƙwasa ya bi bakin ruwa kamar jinjirin wata. An yi shi hawa-hawa, yana fuskantar kudu, domin a can rana ta kudu take bi, ba ta tsayawa tsakar ka. Katangar dutse tana bayansa, ta sha rana da yini ta saki ɗumin da dare. Kabeji da albasa mai ganye da itatuwan tufa da aka shimfiɗa rassansu a jikin bango, ga furanni 'yan Afirka ta Kudu da suka rage daga damina. Ciyawar teku da igiyar ruwa ke watsowa ita ake kwasowa a yi taki da ita. Na tsuguna na damƙi ƙasar, baƙa ce mai laushi, tana da ƙanshi. Sai da na karanta tarihin wurin na san cewa wannan ƙasar ma baƙuwa ce.

Wani mutum ne mai suna Osgood Mackenzie ya fara aikin. A 1862 mahaifiyarsa ta saya masa yankin, yana ɗan shekara 20. Wannan tsinin ƙasa da ya shiga teku, wanda mutanen wurin ke kira Am Ploc Ard da yarensu na Gelik, wato dunƙule mai tsawo, jan dutse ne tsirara da ɗan baƙin taɓo a ramuka. Abin da ya tarar mai sunan itace bai wuce 'yan guntayen tsiro da ba su wuce ƙugu ba. Iska mai gishiri tana dukansa daga teku ba dare ba rana. Bai fara da furanni ba. Ya fara da shinge, ya datse wuyan tsinin don kada barewa da zomaye su shiga. Sannan ya dasa itatuwan fayin masu ganye kamar allura, na ƙasar da kuma na tsibirin Kosika, sahu-sahu ta wajen da iska ke fitowa. Sannan ya jira. Sama da shekara 15 yana jiran itace ya tashi ya zama garkuwa kafin ya soma kawo baƙin tsirrai daga Tasmaniya da Chile da duwatsun Himalaya. Ya rasu a 1922, 'yarsa Mairi Sawyer ta ci gaba, a 1952 ta miƙa lambun ga National Trust for Scotland, hukumar da ke riƙe da shi har yau, shekara guda kafin ita ma ta rasu.

Ƙasar shukar kuwa a kwando aka yi ta ɗauko ta, a gadon baya, ana zubawa a kan dutse. Na daɗe a kan wannan. Sunan mai gida ne a rubuce ko'ina, kuma ya cancanta, amma ni na san nauyin kwandon jiƙaƙƙiyar ƙasa, na ga masu ɗaukar taki a fadama. Talakawan wannan gaɓa ne suka ɗauki lambun nan a bayansu, kwando bayan kwando. Na yi ta tuna su duk inda na taka.

Mai jego ta zauna a benci da yaro cikin bargo, ni da surukina muka bi wata siririyar hanya har ƙarshen tsinin. A cikin kurmi shiru ne, sai ɗigar ruwa daga ganye, iskar kana jin ta can sama kamar wucewar jirgi. Muna fita daga sahun itatuwa na ƙarshe ta buge ni a ƙirji, ta fizge mayafina, idona ya cika da hawaye, na ɗanɗani gishiri a leɓe. Itatuwan da ke wannan bakin duk sun karkace gefe guda, rassan wajen teku sun ƙone sun bushe, babu mai ɗaukar hotonsu. Na ja da baya taku goma, sai lif, kamar an rufe ƙofa. Na sake fita, na sake dawowa. Surukina ya ce, “Mama, lafiya?” Na ce lafiya lau, abu nake aunawa. Mahaifinmu idan hunturu ya kama yakan kafa darni na karan dawa ta gabas da arewacin rainon tumatir, ya ce ba sanyin ke kashe su ba, iskar ce. Sahun darbejiya da turaren da aka dasa a yankin Dambatta don tare iskar hamada ma dabarar ke nan. Sai ga shi a ƙarshen duniya, kamar yadda surukina ya ce, na tarar da darnin Baba, an yi shi da itace mai tsawon bene.

A bayan wannan garkuwa ne baƙin ke zaune. Na fara cin karo da wani dangin giginya, ganyensa kamar mafici, kamar kabar da muke saƙa tabarma da ita, sai dai ya fi laushi. Abin kallo jikinsa ne. Daga ƙasa har wuya a naɗe yake da wani gashi mai kauri ruwan ƙasa, kamar buhun algarara da ya tsufa. Na cusa yatsuna ciki, waje a jiƙe, ciki a bushe. Daga Sin yake, kuma wani ɗan Sikotland mai yawon neman tsirrai, Robert Fortune, ya aiko da shi daga tsibirin Chusan a tsakiyar ƙarni na 19, shi ya sa ake kiransa Trachycarpus fortunei. Babba yakan jure sanyi har wajen digiri 15 ƙasa da sifili. Iska ce ba ya so, tana yayyaga masa ganye.

Wanda ya tsayar da ni sosai kuwa Diksoniya ce, 'yar Tasmaniya da kudu maso gabashin Ostireliya. Dangin tsiron nan ne mai ganye kamar gashin tsuntsu da ke fitowa a jikin dutse mai laima, wanda ba ya fure ba ya 'ya'ya, amma ita ta yi kututture ta fi mutum tsawo, ganyen ya bazu a samanta kamar laimar sarki. Wani ma'aikacin lambun yana kusa yana share ganye, na yi masa sannu da aiki na tambaye shi. Ya ce kututturen ba katako ba ne, saiwoyi ne suka saƙu, shi ya sa ake ba ta ruwa a jiki ba a gindi kawai ba. A shekara ba ta ƙara tsawon da ya wuce gaɓar yatsa ɗaya ko biyu. Na dubi wadda ke gabana na yi lissafi, ta girme ni. Ya ce in miƙa hannu in taɓa tsakiyar kanta. Akwai ɗan rami kamar gurbin kaza, cike da gashi mai laushi, a ƙasansa kuma wasu dunƙule-dunƙule masu tauri kamar hannun jariri a dunƙule. Ganyen baɗi ke nan, a naɗe suna jira. Ya ce ran shukar duka a wannan gurbin yake. Ruwa ya taru a ciki ya daskare, shi ke nan, shekara sittin ta tafi a dare ɗaya.

Shi ya fayyace mini abin da ban gane ba a da. Na ɗauka sanyi abu ɗaya ne. Ya ce a'a. Ruwa idan ya daskare kumbura yake yi, a cikin ganye ma haka ne, ya farfasa shi ta ciki, shi ya sa da safe za ka ga ganye ya yi baƙi ya langaɓe kamar an dafa. Amma tsirrai da yawa na busassun ƙasashe suna iya jure sanyin da ya fi nasu a nan idan ƙafarsu a bushe take. Sanyi da laima tare su ke ruɓar da saiwa, don haka wasu a kan tudun tsakuwa ake dasa su. Kuma iska mai sanyi nauyi gare ta, gangarawa take yi kamar ruwa ta taru a kwari. A lambu ɗaya, abin da ya rayu a kan gangare sai ya mutu a ƙasan gangaren. Ya ce kowane lungu a nan da halinsa, kuma ba a sanin halin sai an yi asara.

Sauran na bi su da sauri don yayyafi ya ƙaru. Itatuwan turare na Tasmaniya masu farin jiki, na murza ganye na shinshina, ƙanshin na gida ne sak. Gora mai kauri. Wata Gunnera 'yar Kudancin Amurka a bakin kududdufi, ganye ɗaya zai rufe mutum uku daga ruwa, karansa duk ƙaya. Idan sanyi ya zo yanke ganyen ake yi a kifa shi a kan gindin kamar malafa, ta lulluɓa da kayanta. Da wasu itatuwan Wollemi, waɗanda aka ɗauka sun ƙare a duniya tun zamanin da, sai a 1994 aka gano 'yan kaɗan a wani kwazazzabo kusa da Sidni.

Ba kowane baƙo ne ya zama alheri ba, wannan ma na gani. Akwai wani dangin Rhododendron mai fure shuɗi-shuɗi da aka yi ta dasawa a da don tare iska, ya ji daɗin ƙasar fiye da kima, ya fantsama cikin dazukan yammacin Sikotland yana shaƙe 'yan ƙasa, yanzu kuɗi ake kashewa ana tumɓuke shi. Garkuwar kanta kuma tana tsufa. Mun ga manyan kututture a kwance da saiwa a sama, ma'aikacin ya ce guguwar Janairun 2022 ce ta kayar da su da yawa, kuma duk inda ɗaya ya faɗi ƙofa ta buɗe wa iska. A gefen kowane an dasa ƙanana cikin ragar waya, waɗanda shi kansa ya ce ba zai ga girmansu ba.

Da yamma muka yi sallah a masauki, taga tana kallon Loch Ewe, mashigin tekun da lambun ya miƙe cikinsa. Daga wannan ruwan ne ayarin jiragen ruwa ke tashi lokacin yaƙin duniya na biyu su kai kaya Murmansk ta Rasha, tashar da ita ma ragowar wannan ruwan ɗumi ne ke hana ta daskarewa. Surukina, wanda ya zo don ya faranta mini kawai, shi ne yanzu ke tono bayanai. Ya ce, “Mama, kin san sanyi mafi tsanani da aka taɓa aunawa a Birtaniya? Digiri 27.2 ƙasa da sifili. An yi shi a Braemar, an kuma yi a Altnaharra a 1995, ga ta nan arewa maso gabas da mu, cikin tudu.” Tazarar ba ta kai Zariya zuwa Kano ba.

Mun koma Gilasgo da mako uku ƙanƙarar farko ta sauka. Da safe na leƙa, ganyen nan da ya fara yi mini maraba ya yi baƙi ya rataya kamar tsumma. Raina ya ɓaci ƙwarai. Sai ga dattijuwar da almakashin lambu da damin karan alkama, ta ce dama wannan take jira, in zo in kama mata.

Muka yanke ganyen duka, ya rage kututture uku tsirara, mafi tsawo ya kai kafaɗata. Inda aka yanka ruwa yana tsiyaya, domin jikin ayaba ba itace ba ne, gindin ganye ne ya naɗe juna, ruwa ne zalla. Muka kafa sanduna, muka zagaye su da ragar waya irin ta akurkin kaji, muka bar tazarar kamar taƙi ɗaya tsakanin waya da jiki. Sannan muka yi ta cusa kara, ita ta wancan gefe ni ta wannan. Na danna da ƙarfi, ta ce a'a, sassauta, iskar da ke tsakanin karan ita ce bargon. Ta hana a naɗe da leda, ta ce shekarar da ta yi haka ba ƙanƙara ce ta kashe kututturen ba, gumi ne, da ta buɗe a bazara sai ruɓaɓɓen abu mai wari. A kai kawai muka kifa wani tsohon baho don ruwan sama, muka ɗaure da igiya. Gindin muka tula masa busasshen ganye. Ƙaramar Diksoniyarta ta cusa mata kara a gurbi, ta tattara ganyen sama ta ɗaure. Gwaza da cittar aka shigar da su rumfar ajiya. Akwai wata ayabar Habasha mai jan ganye, wadda miliyoyin mutane a kudancin Habasha ke ci a matsayin abinci, ita ba ta jure komai, sai da muka tone ta ɗungurungum, muka kifa ta kai ƙasa ruwan ya tsiyaye, muka ja ta ciki mu biyu muna haki.

Muna shan shayi a ɗakin girkinta, yatsuna sun ƙage, ta ba ni labarin Disambar 2010, sanyin da aka ce an yi shekara ɗari ba a ga irinsa a watan ba. Makonni ƙasa tana daskare. Rabin lambunta ya tafi. Akwai wani dogon itace ɗan Niyu Zilan mai ganye kamar takobi da mijinta ya dasa, ya ruɓe tun daga sama, ta sare shi tana kuka. Ba ta tone gindin ba don ba ta da ƙarfin zuciyar. Sai da aka shiga tsakiyar damina ta ga 'ya'ya biyar sun ɓullo a gefen kututturen. Ta nuna mini ta taga, ga su nan sun fi rufin rumfar tsawo. Tun daga nan, in ji ta, ba ta yanke wa shuka hukunci sai watan Yuni ya wuce.

Da na dawo gida da daddare na shiga ɗakin girkin 'yata, idona ya sauka a kan tukunyar da ke bakin taga, wadda wata uku ina wucewa ta gabanta. Zogale ne, siriri kamar tsinken tsintsiya, ganye bai fi a ƙirga ba, rabi ya yi rawaya. Daga irin da na ba ta ne shekara uku da suka wuce. Ko miya ɗaya bai taɓa yi ba, ba kuma zai yi ba. Kullum da dare sai ta janye shi daga jikin gilashi, da safe ta mayar. Na tsaya ina kallonsa. Ta ce, “Umma, kada ki ce in zubar.” Na ce ban ce ba, ki dai rage masa ruwa har sanyi ya wuce, ƙafarsa ta zauna a bushe.

Ƙarshen Nuwamba na dawo Zariya, na tarar da hunturu ya fara, gwandata ta zubar da ganye. Cikin watan Mayu, muna tsakiyar zafi ana jiran ruwan farko, sai ga saƙo daga 'yata, hoto biyu, maƙwabciya ta ce lallai a turo mini. A na farko an kwance ragar waya, kara ya zube a ƙasa. Biyu daga cikin kututturen sun tsira, daga tsakiyar babban kuma wani sabon ganye ya fito a naɗe tsaf kamar tabarmar sallah, kore shar. Na ukun ya ruɓe har ƙasa. Hoto na biyu Diksoniyar ce, gurbinta babu komai tukuna. Ta ce a gaya mini ta sa yatsa ta ji akwai tauri a ciki, tana ba ta ruwa a jiki kullum, za ta jira Yuni.